Na sayi ƙwarangwal ɗin tsohuwar motar tsere a Ohayo, ta yaya zan gano tarihinta kafin in gyara ta?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce a gwanjon kayan wani mamaci a wani ƙauye na jihar Ohayo ta Amurka ka sayi ƙwarangwal ɗin doguwar motar tseren nan siririya da ake kira diragsta, mai tsere a gajeriyar hanya miƙaƙƙiya. Babu inji, babu takarda, babu lamba, kujerar direba tana can bayan aksul na baya, ga kuma wasu fallayen bodi na alminiyam masu ragowar rubutun da ya dushe. Mai gwanjon ya ce maka ta wani shahararren direba ce a shekarun 1960, amma sunan ya shige masa. Niyyarka ka kai ta a feshe ta da yashi a cire tsatsa, ka yi mata fenti, daga baya ka bi tarihinta a tsanake.

Don Allah ka dakata, kada ka kai ta ko'ina tukuna. Abin da kake gani kamar tsatsa da dauɗa da mataccen fenti, shi ne kaɗai takardar haihuwar da motar nan ta mallaka. Ranar da yashi ya bi ta kanta, ka ƙone takardar da hannunka.

Ba ji na yi ba, a kaina ya faru. Ina sabon shiga wannan harka aka kawo mini murfin gaban kujera na wata mota irin taka, an lafta masa jan fenti da burushi, duk ya tsattsage. Na miƙa wa mai feshin yashi da safe, da yamma ya dawo mini da shi fes. Zafin feshin ma ya ɗan lanƙwasa alminiyam ɗin, amma wannan ƙaramar asara ce. Bayan wata biyu wani dattijo da ya taɓa ganin motar a hannun mai ita na biyu ya shigo gareji, ya shafa murfin da tafin hannunsa, ya ce a ƙarƙashin jan fentin nan akwai sunayen mutum uku da aka rubuta da ruwan zinare. Ya tuna launin, ya tuna salon rubutun, sunayen ne suka ɓace masa. Har yau ba a san motar su wane ne ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Rashin lamba kada ya dame ka, haka suke. Ba Fijo 504 ba ce da aka haɗa a Kaduna aka buga mata lambar shasi a jiki. Ko motocin titi na Amurka sai a 1981 aka daidaita musu lambar nan mai harufa da alƙaluma 17. Diragsta kuwa da hannu ake gina ta, mai walda ɗaya da yaronsa, a shagon da bai fi ɗaki biyu ba. Wasu maginan sukan buga 'yar lamba a jikin wani ƙarfe kusa da kujera ko wajen mazaunin inji, da yawa kuma ba su taɓa damuwa da hakan ba. Ka duba da kyau, in ka samu alhamdu lillahi, in ba ka samu ba ƙarfen ne zai yi maka magana.

Ka fara da hoto da tef ɗin awo. Ka ɗauki hoton kowace gaɓa ta walda, kowane rami da aka huda, kowane kunnen ƙarfe da aka liƙa aka bar shi ba ya riƙe komai. Waɗannan marayun kunnuwa su na fi so, domin kowanne yana gaya maka cewa a da akwai wani abu a nan: tankin mai, ko sitiyari a wani gurbi daban, ko inji na wani kamfani. Sannan ka auna tazarar da ke tsakanin aksul na gaba da na baya. A farkon shekarun 1960 motocin nan gajeru ne, da wuya su wuce inci 120. Da gudu ya ƙaru, musamman bayan an haura mil 200 a sa'a a 1964, sai aka riƙa tsawaita su don gaba ya daina ɗagawa sama kuma motar ta miƙe sosai, har a ƙarshen shekarun aka kai inci 180 zuwa 200 da ɗoriya. Amma kada awon ya ruɗe ka. Ka bi dogayen bututun nan biyu da yatsa tun daga kujera har hanci, kana neman inda kaurin ya canza, ko inda aka zura wani bututu cikin wani aka yi walda. Mota mai inci 190 a yau tana iya zama an haife ta da inci 140, wani ya yi mata ƙari. Kuma waldar tana da hannu kamar rubutu. Waldar gas daban take da waldar lantarki ta TIG da suke kira Heliarc a wancan lokaci, kuma aikin gwani daban yake da na wanda ya ari na'ura ranar Asabar. Inda hannun ya sauya, a nan wani sabon mai ita ya shigo labarin.

Akwai dalilin da ya sa kusan duk motocin nan suka sha yanka da ƙari, kuma ya kamata ka san shi don ka fahimci abin da ke gabanka. Ranar 8 ga Maris 1970, a filin tsere na Lions da ke yankin Long Beach a Kalifoniya, giyar motar shahararren direba Don Garlits ta fashe a bakin layin tashi, ta raba motar gida biyu, ta cire masa wani sashe na ƙafar dama. Direba a irin motarka yana zaune ne ƙafafunsa sun rungumi aksul da kuloci, inji yana gabansa yana watsa masa mai da wuta a fuska. Da Garlits ya warke sai ya dawo da mota mai inji a bayan direba, ya ci gasar Winternationals a Pomona a 1971. Cikin shekara biyu zuwa uku manyan direbobi duk sun koma sabon salo, motoci masu inji a gaba suka zama kayan da ake neman kai da su. Aka sayar da su da araha ga samari masu ƙaramin ƙarfi, su kuma suka cire mazaunin babban injin Chrysler suka sa na ƙaramin Chevrolet, suka ƙara wa kejin ƙarfen da ke kare direba bututu don bin sabuwar doka, wasu suka gajarta su, wasu suka kai su tseren yashi. Saboda haka ba rayuwa ɗaya motarka ta yi ba. Uku ko huɗu ta yi, ɗaya a kan ɗaya, kuma aikinka shi ne ka ɓare su kamar albasa.

Wanda ya gina ta kuwa, ana gane shi ta yadda ya lanƙwasa kejin da ke kewaye da kan direba, da yadda ya ɗaura aksul na gaba, da siffar 'yan kunnuwan ƙarfensa. A Kalifoniya akwai Kent Fuller, da Woody Gilmore, da Don Long, da Roy Fjastad, kafin su kuma akwai kamfanonin Dragmaster da Chassis Research da suka sayar da firam masu yawa. A Mishigan, maƙwabciyar Ohayo, akwai 'yan'uwan nan na Logghe, don haka kada ka yi mamaki in taka ta fito daga can. Sai dai ga kowace mota ɗaya da gwani ya gina, akwai wasu da aka kwaikwaya a bayan gida daga hoton mujalla. Kamanni kawai ba hujja ba ne.

Yanzu fenti, kuma a nan nake so ka yi haƙuri na gaske. Ka wanke fallayen da ruwa da sabulu kawai. Da dare ka kashe wutar gareji, ka kwantar da tocila a gefen falle yadda hasken zai riƙa shafarsa a kaikaice. Rubutun da aka yi da hannu yana barin ɗan tudu ko da an rufe shi da fenti biyu, kuma a irin wannan haske za ka ga haruffa suna tasowa kamar zane a kan yashi. Na taɓa karanta sunan wani shagon sayar da kayan mota da sunan garinsa ta haka, a fallen da da rana ba ka ganin komai sai baƙi. Sunan garin nan ne ya kai ni har ƙofar gidan mai motar. In haske bai isa ba, ka zaɓi wuri ɗaya da bai fi tafin hannu ba, ka bi shi da samfefa mai laushi da ruwa, a hankali, kana tsayawa a kowane launi kana ɗaukar hoto, har ka yi ɗan tsani na launuka tun daga na ƙarshe zuwa na farko. Ka kuma juya fallayen ka duba cikinsu. Mai bugun bodi yakan rubuta sunan abokin cinikinsa da fensir ko alli mai maiƙo, kuma ba wanda yake tunawa ya goge ciki.

Duk wata sitika kada ka ɓamɓare ta, ko da rabinta ya tafi. Ta filin tsere ce, ko ta masu duba lafiyar mota, ko ta kamfanin mai, kowacce tana da zamaninta. In ka ga haruffa irin AA/FD, to ajin manya ne, masu bulowa, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, da ke shan man tsere mai ƙarfi da ake kira naitiro, AA/GD kuma masu bulowa ne da ke shan fetur. In ka ga lamba mai alƙaluma uku ko huɗu, ka lura da na farko, domin daga baya NHRA, babbar hukumar irin wannan tsere a Amurka, ta riƙa ba da lambar dindindin da ke farawa da lambar shiyya, kuma Ohayo tana shiyya ta 3, Kalifoniya ta 7. Amma lambar ta direba ce, ba ta mota ba, tana bin sa duk motar da ya hau. A farkon zamani ma da farin man takalmi ake rubuta lamba ranar gasa a goge washegari.

To, ƙarfe ya faɗi nasa, sai mutane, kuma wannan shi ne abin da ba zai jira ka ba. Wanda yake da shekara 25 a 1967 yau ya haura 80. Tsatsa za ta jira ka shekara goma, su ba za su jira ba. Ka koma wajen mai gwanjon a wannan makon ka nemi ya haɗa ka da magadan mamacin. Ka je da ladabi, ka yi musu ta'aziyya, ka faɗi abin da kake nema. Matarsa ko 'yarsa su ne sukan san inda kwalin takalmin nan yake, mai cike da hotuna da rasit da 'yan takardun lokaci da ake miƙa wa direba a ƙarshen layi bayan kowane gudu. 'Yar takardar nan, in ta tsira, tana iya ba ka sunan fili da sakan nawa ya ɗauka a rubu'in mil, wato ƙafa 1,320, kimanin mita 402. Tambayarka ɗaya ce a kowane gida: a hannun wa aka saye ta, kuma a wace shekara? Daga nan ka tafi gida na gaba, kana komawa baya.

Ni aikin nan yana tuna mini yadda malaman hadisi suke bin isnadi. Wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, kuma kowane mai ruwaya sai an auna shi. Maganar mai gwanjonka cewa ta wani shahararre ce ruwaya ce mara isnadi, ka ajiye ta a gefe, kada ka jefar kuma kada ka gina komai a kanta. In ka zauna da dattijo, kada ka sa masa amsa a baki. In ka ce masa, wannan ita ce motarka ta da ko? zai ce ita ce, domin yana kewarta kuma yana so ya faranta maka. Ba ƙarya yake yi ba, zuciya ce. Ka tambaye shi kafin ya ga hotunanka: ina ta taɓa karyewa, me ka canza a jikinta, wane launi ka same ta? In ya ce sun taɓa dukan shinge har bututun hagu ya tsage a ƙarƙashin mazaunin inji suka yi masa faci, ka koma gareji ka leƙa ka ga facin a nan, to gani ya kori ji. Ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa, in ya yarda ya sa hannu a 'yar takarda. Inda silsila ta yanke kuma, ka rubuta cewa ta yanke daga shekara kaza zuwa kaza. Kada ka cike gurbin da zato.

Da zarar ka samu suna ko gari, takardu za su buɗe maka. Jaridar Drag News ta mako-mako ta fara fita a 1955, National Dragster ta hukumar NHRA a 1960, ga kuma mujallu irin Hot Rod da Car Craft. Kowa yana duba hotunan gaba, ni kuwa shafin baya nake fara buɗewa, wajen ƙananan tallace-tallace. A nan za ka ga an rubuta firam ɗin magini kaza, inci kaza, na sayarwa ba inji, ga sunan gari. Sau da yawa wannan 'yar sanarwa ita ce mahaɗin da ke tsakanin mai ita na farko da na biyu. Kada ka tsaya a kan NHRA kaɗai. Daga 1957 zuwa 1963 ta hana amfani da naitiro a gasanninta, masu shan sa suka koma filayen wata hukumar tsere mai suna AHRA da masu zaman kansu, kuma direbobi da yawa da tseren haya suka rayu, inda mai fili yake biyan mota biyu su kara a daren Asabar. Irin waɗannan sai a jaridar gari za ka same su, don haka ka je ɗakin karatu na gundumar ka duba shafin wasanni na ranakun Litinin. A Ohayo ka bi filayen Dragway 42 da National Trail da na Norwalk, ka tambaya wa yake ɗaukar musu hoto a wancan zamani, kuma ina hotunansa suka koma. Gidan tarihin NHRA da ke Pomona, mai ɗauke da sunan Wally Parks wanda ya kafa hukumar a 1951, da gidan tarihin Garlits a Ocala ta Fulorida, duk wurare ne da ake samun masu ido a kan irin wannan ƙarfe. Mafi kusa da kai kuma shi ne taron tsofaffin motoci da ake yi a filin Beech Bend na Bowling Green a Kentaki. Ka buga hotunanka manya ka tafi da su, ka zagaya rumfa-rumfa. Matambayi ba ya ɓata.

In ka samu tsohon hoton da kake zaton ita ce, kada farin ciki ya ɗebe ka. Launi da suna ba su isa ba. Ka ƙirga maɓallan bodi na Dzus da ke gefen falle, ka duba tazararsu, ka nemo wanda aka huda a karkace. Ka duba lotsawar da ke hanci, da kusurwar da bututun keji ya sauka a kan firam. Ni ban yarda ba sai na samu alamomi uku aƙalla waɗanda kuskure ne ya haife su, domin kuskure shi ne abin da motoci biyu ba sa tarayya a kansa. Ka tuna kuma manyan direbobi kusan kowace shekara sabuwar mota suke yi da suna ɗaya da launi ɗaya. Garlits kaɗai ya yi motoci sama da 30 masu suna Swamp Rat. Har ila yau akan raba mota ɗaya, gabanta ya tafi wani gari, bayanta ya tafi wani, bayan shekara 40 mutum biyu su gina mota biyu kowa yana cewa tasa ce ta asali. A ganina ran motar yana wajen kejin da direba ya zauna da bututun da ke riƙe inji da aksul na baya. Wanda yake da hanci kawai, sabon gini ya yi, kuma ba laifi ba ne in ya faɗi hakan.

Motocin tsere da kamfani ya ƙera, irin Ford Thunderbolt guda 100 na 1964 ko Camaro ZL1 guda 69 na 1969, lissafinsu daban ne, domin suna da lamba da takardun masana'anta, kuma ha'incin da ake yi a can shi ne cire farantin lamba daga wata mota a liƙa wa wata. Wannan bai shafe ka ba. Haka kuma kada ka ɓata lokaci neman injinta na asali. Injin Hemi 392 da Chrysler ta yi a 1957 da 1958 daga bolar motoci suke sayo shi, bulowar 6-71 kuma asalinta ta injin dizal na GMC ce, suna fasa su suna sauyawa a kaka ɗaya sau da dama. Abin da ake nema shi ne irin injin da ya dace da shekarar.

Wannan ya kawo mu ga shawarar da za ka yanke in bincike ya nuna. Tunda ta yi rayuwa uku, wacce za ka dawo da ita? Ka zaɓi shekara ɗaya, in da hali ma rana ɗaya da kake da hotunanta ta kowane gefe, ka tsaya a kanta. Kada ka haɗa hancin 1965 da fentin 1969. Duk abin da ka yanke daga jikinta na rayuwar baya, ka ɗaura masa takarda ka ajiye, ya bi motar duk inda ta je. In kuma fentin farko ya fito da sauran kyansa, ni dai ba zan rufe shi ba, zan buga sabon falle in sa wa motar, na asalin in rataye shi a bango.

Sai maganar gudu, kuma a nan ba na sassautawa. Kejin 1966 ba zai cika ƙa'idar kariya ta yau da ƙungiyar SFI take tsara wa kayan tsere ba, bututun da ya kwana shekara 50 a rumbu yana iya cinyewa ta ciki alhali wajensa lafiya, wilin magnisiyam na Halibrand kuma yana tsagewa inda ido ba ya gani, yana kuma cin wuta. In ka ce sai ka yi tsere da ita, dole ka yanke ainihin abin da ya sa take da daraja, in kuma ba ka yanke ba ka sa ranka a hatsari. Akwai hanya ta uku. Tun 2000, a taron da ake yi a filin Famoso kusa da Bakersfield, aka fara abin da suke kira Cacklefest: a turo tsofaffin motocin da a-kori-kura kamar yadda ake tayar da su a da, su jeru da dare, injina suna ta ƙara a tsaye, wuta tana fita daga salansa, hayaƙin naitiro yana sa ido hawaye. Na ga dattawa suna tsaye a bayan motocin da suka rabu da su tun suna samari, kuma ba hayaƙin kaɗai ne ya jiƙa musu fuska ba. Wurin motarka ke nan.

In bincike ya ƙare a kan cewa ta wasu abokai uku ce daga wani ƙaramin gari, ba ta shahararren kowa ba, ka rubuta sunayensu a jikinta yadda suka rubuta, ka nemo wanda ya rage a cikinsu ko 'ya'yansu su zo su gani.

Yanzu dai ka aiko mini hoton keji ta baya da ta gefe, da na mazaunin inji ta ƙasa, da na inda aksul na gaba ya haɗu da firam, da awon tazarar aksul biyu a inci. Ka ƙara da hoton fallen nan mai rubutu, wanda ka ɗauka da dare da tocila a kwance. Ka kuma kira mai gwanjon gobe da safe, kafin magada su kwashe sauran kayan rumbun su zubar. Allah ya ba da sa'a.